Zabin da Kubura Ta Dafa wa Su Saude

Kubura 'yar Kurawa ce, aure ya kai ta Unguwar Lalle gidan wani manomi mai suna Lauwali. Ba ta da wata sana'a sai daka da girki, amma wanda ya taɓa cin miyarta ta sure, wato yakuwa, ba ya mantawa.

Lauwali yana da amini Bafulatani, Sodangi, abotar da suka gada daga iyayensu. Duk kaka, in an cire gero, Sodangi kan sauko da shanunsa gonar Lauwali, su ci kara su bar taki. Matarsa Saude ta zama ƙawar Kubura, har ita ce ta zauna da Kubura a haihuwarta ta fari. Ranar saukarsu Lauwali kan yanka zabi, Kubura ta tuƙa tuwon gero, Saude ta kawo nono da man shanu, a ci har a ture.

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka raba Lauwali da gonarsa ta nesa, suka kashe ƙanensa a hanyar garin Isa. Su ɗin dai suka kore shanun Sodangi kaf, suka tafi da babban ɗansa. Amma a cikin gari ba mai tambayar wannan. Bafulatani ya zama abin zargi, ko kasuwa Sodangi ya daina shiga. Shekaru suka wuce ba a ga juna ba.

Wata safiya wani mai kai kaya Nijar ya kawo saƙo cewa Sodangi da Saude za su ƙetare iyaka, ba dawowa, kuma za su biyo bankwana bayan azahar.

Lauwali ya ce, "Kubura, kin san yadda garin ga shike."

"Malam, mutanen da munka ci ƙwarya guda da su? In ba ka yanka min zabin ga, za ni nemo mai yankawa."

Zabi biyu suka rage a gidan. Ya yanka su.

Ta leƙa wurin maƙwabciyarta Tasalla aron babbar tukunya. Tasalla, wadda aka harbe mijinta a gona bara, ta tambayi su wa ke zuwa. Da ta ji sunan, ta daɗe tana kallon Kubura, sannan ta ce tukunyar na da aiki.

Kubura ta dawo ta raba girkin a ƙananan tukwane. Ta surfa gero, ta wanke, ta kai niƙa. Ta daka daddawa da tattasai, ta tafasa sure ta tsiyaye ruwan farko don tsamin ya ragu. Sai da ta zo zuba mai ta tuna ba ta taɓa sayen man shanu ba a rayuwarta, kullum daga hannun Saude yake fitowa. Ta zuba man gyaɗa, tana share ido da bakin zane.

Da suka iso, da ƙyar ta gane su. Sodangi ba malfa ba sanda, ya saka riga irin ta mutanen gari don kada a lura da shi. Saude ta rame ta yi baƙi. Ta buɗe tafin hannunta ta ce, "Ƙawa, ban zo miki da komi ba."

"Kin zo da kanki. Zauna."

Maza suka zauna a zaure, mata a tsakar gida. Saude ta wanke hannu, ta kai loma ta farko baki, sai hayaniya ta tashi a waje. Samarin unguwa ne suka taru a ƙofa da sanduna. Lauwali ya fita, aka ji yana ba da haƙuri. Can ya shigo.

"Sun ce su tashi yanzu. In sun daɗe, ba ruwansu da abin da za shi faruwa."

Kubura ta ruga ta juye naman da tuwon a kwano, ta ɗaure da ƙyalle don su ci a hanya. Lauwali ya riƙe mata hannu.

"Aje shi. In anka gan su da kwanon gidan ga, gobe a ce mu ka kai ma 'yan daji abinci. Kin san abin da aka yi ma mai wannan suna."

Ta ƙi saki. Saude ce ta ɓamɓare yatsunta a hankali, ta karɓi kwanon ta ajiye a ƙasa.

"Gaskiya ya faɗi, ƙawa. Na ɗanɗana, miyarki na nan yadda na san ta."

Ta bayan gidan suka fita, ta cikin karan dawa. Ba a bar Kubura ta raka su ko bakin danga ba.

Da la'asar ta rarraba abincin ta kai wa maƙwabta, kamar yadda aka saba. Kafin magariba kwanukan suka dawo ɗaya bayan ɗaya, a rufe, ba wanda aka taɓa. Ita da Lauwali ma suka kasa ci. Washegari tuwon ya yi tsami, ta zuba wa awaki.

Bayan damina wani ya ce ya ga Sodangi a kasuwar Maraɗi yana dako, shi kaɗai. Kubura ta tambaye shi labarin Saude. Mutumin ya ce shi ma ya tambaya, Sodangi ya ɗauki buhunsa ya wuce.