Mairamu, Wadda Ta Fito da Gishiri Daga Ruwan Kwalekwale

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, 1328, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Mairamu mai dafa gishiri a nan Garwa, bayan tarin da ya shekara yana cin ta. Mairamu, ina wannan rubutu raina a ɓace, ba zan ɓoye ba.

Bara da damina ƙaninki Bilya ya ɗauko wa Baturen Jamus na bariki buhunan gishiri ta kogin Binuwai. Kwalekwalen ya yi yoyo, buhunan da ke ƙasa suka iso fayau. Bature ya ce sata ce, aka yi wa Bilya bulala ashirin da biyar, aka ce gobe sai kurkuku. Mu maza muna tsaye, kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Ke kika kutsa da tukunya a ka. Kika ce wa tafinta, "Faɗa wa mai gidanka gishiri bai tafi ko'ina ba. Ya ɗanɗana ruwan kwalekwalen nan, sama da ƙasa, duk ɗaya zai ji. Gishiri da ruwa cuɗanya kawai suka yi, wuta za ta raba su."

Dariya suka yi miki. Kika ɗebi ruwan, kika tace, kika hura wuta har ya ƙafe, sai ga gishiri kwance a gindin tukunya.

Aka saki Bilya, ko sannu babu. Ke kuma ladarki ita ce aka tsare ki a rumfa marar taga, kwana tara kina shaƙar hayaƙi, sai kin dafe musu ruwan kaf. Daga nan kika fito da tarin. Wannan ai zalunci ne tsirara, kuma ban yafe ba!

Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya saka miki a kan wanda ya cuce ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Fanta da dukan dangi. Kai kuma Bilya, ka daina cewa kai ka kashe ta. Allah ya ba ka haƙuri, ya san mai laifin.