Ranar da Na Kira Sunan 'Yata a Filin Kurket

A shekarun da masaƙun Kaduna ke aiki ba dare ba rana, ni matar makanikin injin saƙa ce, muna haya a Unguwar Dosa. Ina da baki, ina da tsokana, amma a wuri ɗaya bakina yake mutuwa, wato kan 'yata ta fari. An raine ni da alkunya irin ta gidanmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Tun da aka yaye ta Innata ta ɗauke ta zuwa Unguwar Shanu. Idan na je gida sai in tambayi lafiyar 'yar Inna ina kallon wani wuri, kamar 'yar maƙwabta nake tambaya.

Sai masaƙa ta tura maigidana kwas ƙasar Indiya, aka ce mai aure yana iya tafiya da iyalinsa. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, amma na ce ko da rarrafe sai na je. Ranar da muka je sallama yarinyar ta riƙe mini zane a zaure tana kuka. Mata sun cika gidan suna kallo. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na ce wa Inna ta zo ta ɗauki 'yarta, na fice ban waiwaya ba. Har waje ina jin ana yabon kunyata.

Muna dab da dawowa wani Ba'indiye abokin aikin maigidana ya gayyace mu kallon wasan da suke mutuwar so, wai kurket. Da safen ranar aka kira maigidana ofis, aka ce ana nemansa a waya daga gida. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo na tambaye shi lafiya, ya ce yayansa ne, kowa yana gaishe ni. Ya so a fasa fitar, ni kuwa na riga na ɗaura ɗankwali, ga mutumin da matarsa suna jiranmu a ƙofa. Na ce masa ba a yi wa mai masauki haka.

Ban taɓa ganin wasa marar kan gado irin wannan ba. Ƙarti cikin fararen kaya sun bazu a fili kamar masu jiran mota. Ɗaya ya sheƙo da gudu ya jefa ɗan jan ƙwallo, wani ya make shi da katako mai kama da muciya, sai dubban mutane su tashi da ihu, ni ban ga abin da ya faru ba. Can kuma duk suka watse, wai sun tafi shan shayi. Na yi ta dariya ina zungurar maigidana, ina ce masa da a Kaduna ne da 'yan kallo sun jefe su da ɓawon lemo. Shi kuwa ya kafa wa filin ido ko ƙiftawa ba ya yi, har na tsokane shi da cewa ya zama Ba'indiye. Ya tafi sallar azahar ya jima, ya dawo idanunsa jawur, ya ce yajin abincinsu ne.

Da muka fito na ga mai sayar da ƙananan ƙwallaye irin na wasan, na sa maigidana ya saya mini ɗaya. Sai na duba, babu Inna, babu matan unguwa, babu wanda ya san ni a duk taron nan. Na buɗe baki na kira sunan 'yata, karo na farko tun ranar suna, na tambaye shi ko yana ganin za ta so ƙwallon. Na ji daɗin sunan a bakina har na maimaita. Ya ce za ta so.

Da muka sauka Kaduna, motar da ta ɗauko mu ba ta nufi Unguwar Dosa ba, ta miƙe Unguwar Shanu. Inna ta zaunar da ni a ɗakinta ta gaya mini yarinyar ta rasu: ƙyanda ce, kwana kaɗan ta yi, har an yi sadakar bakwai. Manya ne suka hana a faɗa mini saboda cikin da ke jikina da nisan hanya. Ban yi kuka ba. Mata suka yi ta cewa ga mai tawakkali, ga 'yar gidan kunya. Ba ko ɗaya ba ne. Babu abin da nake ji ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Daga baya na tambayi maigidana yaushe ya sani. Ya ce ranar kurket, da safe, kuma kafin a kira shi har an dawo daga maƙabarta.

Muna tare har yau, ban kuma riƙe shi a zuciya ba. Umarnin yayansa ya bi, ya wuni da mutuwar 'yarsa a ƙirji, ni ina gefensa ina ƙyalƙyala dariya. Amma an ƙwace mini wani abu da ba a iya mayar mini. Ina iya gaya muku kalar hular alƙalin wasan nan, fuskar 'yata kuwa sai na yi da gaske nake haɗa ta, domin ban taɓa tsayawa na kalle ta sosai ba. Ƙwallon yana ƙasan akwatina, ba na fito da shi, na kuma kasa yar da shi.

Abin da zan ce wa masu ɓoye wa uwa mutuwar ɗanta don tausayi: ku nemi hanya mai laushi ku gaya mata, kukan ranar haƙƙinta ne, idan ya wuce ba lallai ya dawo ba. Ku kuma mata masu alkunya, kunya ado ce, amma ku kalli ɗanku na fari ku kira shi yana ji. 'Ya'yan da na haifa bayanta ina ƙwala musu kira har maƙwabta na cewa ba ni da ta ido, ban damu ba. Ita tawa ta fari, ranar da na iya kiran sunanta tana cikin ƙasa.