Ranar da Aka Kaɗa Ƙuri'a kan Ƙarfen Sabis

Wani ƙaramin kamfanin sadarwa na Dutse ne ya kafa mana ƙarfen sabis a bayan masallacin Juma'a, mai aiki da hasken rana. Shugaban kamfanin ɗan marigayi abokina ne, a gabana aka raɗa masa suna. Da ya zo ƙauyenmu, can wajen Aujara, neman masu sayen hannun jari, sai muka saya, wani ya sayar da riɗi, wani tunkiya. Ban damu da riba ba. Abin da na gani shi ne yayata, wadda idonta ya tafi, tana zaune a kan tabarmarta tana hira ta waya da ɗanta tilo da ke aiki a kudu.

Daga baya manyan 'yan kasuwa na Kano suka sayi nasu kason. Su suka kawo ƙudiri a taron shekara, cewa a tumɓuke ƙarafan ƙauyuka a mai da su birni, inda ciniki yake. Mutanen garinmu suka ba ni wakilcin ƙuri'unsu, don ni ne babba.

Da na je sallama, yayata ta ce, "Auta, ka ce wa yaron nan makauniyar da ta goye shi tana gaishe shi."

"Yaya, taron kamfani ne fa, ba zaman gaisuwa ba."

"To sai me? Kamfanin ba shi da uwa? Kai dai kullum bakinka nauyi, tun kana tsirara."

A zauren taron, yaron ya taso ya durƙusa har ƙasa. "Baba, an zo lafiya? Ya hanya?" Ya kama hannuna ya kai ni kujerar gaba. Wakilan Miga da sauran ƙauyuka suka jeru a bayana.

Wani mai kwat ya karanta ƙudirin da Turanci, aka fassara. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, 'yan Kano suka ɗaga. Aka ce masu adawa.

A wurinmu dattijo ba ya ɗaga hannu a kan ɗan da aka haifa a gabansa a bainar jama'a. Idan yaro ya kawo maganar da ba ta dace ba, babba yakan sunkuyar da kai ya yi shiru. Yaro mai tarbiyya ya san ma'anar wannan shirun, sai ya janye maganarsa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka na raba rigimar gona, haka na hana aure uku da ba su dace ba. Don haka na ɗora hannuwana a kan sandata, na dubi ƙasa. Na bayana kuwa ba mai ɗaga hannu kafin ni.

Ina jiran in ji yaron ya ce a ɗage maganar. Sai na ji muryar wata mata a lasifika: ba mai adawa, ƙudiri ya wuce. Aka tafa.

A bakin ƙofa yaron ya same ni, idonsa ya yi ja. "Baba, me ya sa? Da kun ɗaga, da kun rinjaye su. Ni a kujerar shugaba nake, ba ni da ikon janye ƙudirin wani."

"Ba ka ga na yi shiru ba?"

"Na gani, Baba. Wallahi na gani. Mai ƙirgawa ce ba ta da inda za ta rubuta shi."

Bayan girbi mota ta zo ta kwashe ƙarfen. Yanzu sai an kai bakin titi ake samun sabis. Da farko ana goya yayata a babur ranar kasuwa, ta tsaya a rana ta yi magana da ɗanta, har bayanta ya kasa ɗaukar gargadar hanya.

Tun damina take kwance. Ni nake zuwa titin yanzu. Ɗanta yakan tambayi jikinta, in ce da sauƙi. Sai ya ce, "Kawu, don Allah ba ta wayar, ko tarinta in ji." Ni kuma ina tsaye a gefen kwalta, motocin Dutse na wucewa, in ce masa tana barci.