Tsohon Matuƙin da Ya Ƙi Fitowa Daga Mota

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na ɗauko wani tsoho ɗan Vietnam a Dubai. A lokacin ina tuƙin motar ɗaukar baƙi, ana cikin makon baje kolin jiragen sama can bayan Jebel Ali. Na gaji tilis, ga damuwar gida a kaina. Ƙanina matuƙin jirgin yaƙi ne a Najeriya, ya ce zai ajiye aikin. Mahaifinmu ya ce ba da yawunsa ba, ya ɗora mini nauyin in shawo kansa. Ni ma a raina ragwanci na ɗauki abin.

Da hantsi aka tura ni wani ƙaramin otal a Al Buteen. Wata mata ta fito riƙe da mahaifinta, tsoho ɗan firit, yana jan ƙafar hagu. A hanya ta gaya mini da Turanci cewa ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin MiG a yaƙinsu da Amurka, ita ce ta matsa masa ya zo baje kolin ya ga na zamani.

Mun kusa isa, muna cikin cunkoso, sai jiragen yaƙi suka gifta ta kanmu da ƙara mai girgiza gilashi. Ta madubi na ga tsohon ya runtse ido, ya ƙanƙame kujera. Da na faka, ya ce shi ba zai fita ba. 'Yar ta yi lallashi har ta haƙura. Don in kawar da shirun, na ce, "Baba, jirage nawa ka harbo?"

Ta fassara masa. Sai ya fara magana a hankali, tana mayar mini.

"Kowa wannan yake tambaya. Babu mai tambayar mu nawa muka karya kumallo tare, mu nawa muka ci na dare."

Ya ce tun asuba suke zama cikin jirgi a kan fili, gumi na jiƙa su, suna jiran a ce su tashi. Jirginsu ƙarami ne, mai kaɗan yake ɗauka, na abokan gaba kuwa manya masu makamai masu linzami. Sai dai ka lallaɓa ka yi harbi ka gudu. Faɗan kansa bai kai shan kofin shayi ba, jiran ne ke cinye mutum. Wata rana ya ga jirgin amininsa ya kama wuta, kafin ya juya nasa ma an same shi. Ya dira da lema cikin gonar shinkafa, ƙafarsa ta karye, manoma suka yo kansa da fartanya suna zaton Ba'amurke ne, sai da ya yi musu ihu da yarensu.

"Da na warke aka ba ni wani jirgin. Na koma. Hannuna na rawa, ban gaya wa kowa ba."

Nan 'yar ta kasa ci gaba, hawaye na zuba. Ta ce mini ita ma yau ta fara ji. Na ce, "Khalas, ya isa haka, mu koma," na juya motar.

Bayan la'asar na kira ƙanina. Ya ɗauka da cewa, "Yaya, in dai saƙon Baba ne..."

Na ce, "A'a. Kana samun barci kuwa?"

 Ya ce, "Rabona da barcin kirki, wallahi na manta."

Na ce masa in lokacin da doka ta ba shi ya yi, ya ajiye, ni zan ji da Baba. Haka aka yi. Mahaifinmu ya yi watanni yana fushi da mu kafin ya sauko.

Tun daga ranar na gane cewa in wanda ya ga yaƙi da idonsa ya ce ya gaji, mu da ke kallo daga ƙasa ba mu da bakin kiransa rago.