Wa Ya Ɗauke Kujerar Inna Tela?

Shugaban kwamitin iyaye, kai ka sa aka ɗauke kujerar Inna Tela daga bakin zauren taro ranar yaye ɗalibai. An gan ka kana nuni da yatsa. Da ka gama, ka haye dandamali ka zauna kusa da Fada, limamin makarantar, ka yi ta tafa wa baƙon da ya ce yara su zama masu godiya.

Ga wanda bai san ta ba, Inna Tela ce ke kula da rigunan yaye na makarantar Katolikan nan, baƙaƙen dogayen rigunan da ake sa wa yara ranar da suka gama. Rigunan na makaranta ne. Ita ke wanki, ita ke guga, ita ke faci, tun iyayen yaran yanzu suna zuwa aji da majina a hanci. Ɗakinta yana bayan ɗakin ibada, kusa da famfo. Keken ɗinki na ƙafa, teburin guga da ya ƙone ta gefe ɗaya, ƙaramin gicciye a jikin ƙusa, gwangwanin madara cike da fil da maɓallai. Kayanta ke nan.

Da safe takan shiga ibadar Mas ta zauna a bencin ƙarshe, ta fito kafin a gama waƙar rufewa don ta hura gawayin dutsen guga, ba ta yarda da na lantarki ba. Sauran shekara tana fama da aljihun da ya yage, labulen aji, rigar Fada, mayafin bagadi. Idan yaye ya matso, sai a fara turo mata yara ɗaya bayan ɗaya su gwada riga.

Yaro zai hau kan akwatin katako, ita kuma ta durƙusa, fil a baki. In riga ta yi masa tsawo ba ta yankewa. Kalmashewa take yi, ta bi da sassauƙan ɗinki wanda za a iya warwarewa baɗi.

"Aro aka ba ka," takan ce. "Wanda ya sa ta bara ya fi ka tsawo, na baɗi ba mu san shi ba. Kada ka ja ta a ƙasa."

Kuma ba ta soka fil na ƙarshe sai ta yi tambayarta: "In ka sauko daga dandamali, wa za ka fara zuwa ka ce masa na gode?" In yaro ya ce Fada ko Sista, sai ta ce, "Waɗannan suna da masu gode musu har sun yi yawa. Sake tunani, ɗan nan, ni ba sauri nake ba." Haka zai tsaya a kan akwati yana sosa ƙeya. Wani ya tuna yayarsa da ta bar karatu saboda shi. Wata ta tuna maƙwabcin da ke rage mata hanya. Jikata ta tuna da ni, bayan ta gama zagaye duniya.

Riga ɗaya tak ta taɓa sa wa almakashi, malamar jinya ta makarantar ce shaida. Akwai shekarar da wata yarinya mai tafiya da sanduna ta gama. Fadan wancan lokaci ya ce a kai mata takardarta inda take zaune, kada ta jinkirta layi. Inna Tela mace ce da muryarta ke rawa a gaban manya. Duk da haka ta farke rigar ta gefe biyu yadda sanduna za su samu hanya, ta rataya ta a hannu, ta shiga ofis.

"Fada, na riga na farke," ta ce. "In ba za ta taka ba, ka faɗa mata da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Yarinyar ta taka matakalar dandamali da kanta, a hankali, zaure duka yana jiran ta. Daga baya malamar jinya ta tambayi Inna Tela ko ba ta ji tsoro ba. Ta ce, "Wa ya ce miki? Tare muka shiga da tsoron, tare muka fito."

Shekarar da mijinta ya rasu ana gab da yaye, Sista ta ce ta zauna gida ta huta, za a nemi wani. Mai sharar makaranta yana tsaye da tsintsiya ya ji amsarta: "Sista, in na zauna a gida gardama zan yi ta yi da Allah. Nan kuwa hannu na aiki, baki na addu'a, ba ni da sararin faɗa da Shi." Yaran shekarar ba wanda ya fita da riga a yamutse.

Inna Tela, ke ce kika durƙusa a gaban yaran da yau ake miƙe musu tsaye in sun shigo. Uwar 'ya'yan wasu, mai haɗa abin da ya rabu. Ba ki taɓa riƙe alli ba, amma babu ɗalibin da ya fita makarantar nan bai bi ta hannunki ba.

Abu ɗaya take da shi a shekara. Ranar yaye takan ajiye 'yar kujerarta a bakin zaure, allura da zare a cinya ko wani ɗinki zai saki. In yara suka fito a jere, kowa yakan sunkuya ya taɓa hannunta ya wuce. Ba wanda ya kafa dokar haka, yaran ne suka gada daga na gabansu. Yayen bana kuma shi ne nata na ƙarshe. Idonta ya yi rauni, sai an zura mata zare, ɗanta zai zo ƙarshen wata ya tafi da ita wurinsa. An faɗi wannan a taron iyaye, kana zaune a kan tebur, Shugaba.

Da safiyar ranar, sabon mai gadi ya je ya same ta, ya ce, "Mama, an ce ma'aikata su koma baya, za a yi hoto." Ta kwashe zarenta ta koma ɗaki. Aka ɗauke kujerar, aka ajiye tukunyar furen roba a wurin.

Ta taga ta ji bikin, daga lasifika. Baƙon ya yi magana a kan ƙarfin hali, da bangaskiya, da godiya. Jawabinsa ba shi da laifi, ni da ban yi boko ba ma na gane abin da aka fassara mini. Da yara suka fito, kowa ya waiga inda ya saba ganin ta. Wasu suka tsaya suna dube-dube, malamai na cewa su wuce, su wuce, ana jiran su. Daga nan sai hoto, sai motoci. Rigunan kuwa a tsibi aka kai mata su.

Na same ta tana ware su.

"Kin zauna nan kamar marar gata," na ce.

"Yaya, ja benci ki zauna. Ƙafarki ta riga bakinki gajiya."

"An kore ki, kina yi mini barkwanci."

"Ba kora ba ce, matsawa aka ce in yi. Ai na ji sunayensu duka. Ana kiran suna, ina ganin tsawon mai shi." Ta ɗago wata doguwar riga. "Doguwar nan mai tsoron matakala, ta hau lafiya?"

Na ce ta hau lafiya. Ta ce to madalla. Ta daɗe tana ninke riga ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa.

Mun gode, Inna Tela. Allah ya saka miki, ya sa ki ga alheri a hannun ɗanki. Ku kuma da kuka gama bana, da na bara, da masu furfura yanzu, kun san hanyar ɗakin nan. Takardar da aka ba ku ba za ta gudu ba. Ku je yanzu tana nan, ku yi koyi da ita tun kuna ganin ta.

Ita ba ta aiko ni ba. Cewa ta yi a bar wa Allah. Ni dai na san Allah bai ba mu baki don cin abinci kawai ba, shi ya sa na bi sawu. Shugaba ya ce mai hoto ne. Mai hoto ya ce shi haske kawai ya yi magana a kai. Mai gadi ya ce umarni ya bi. Fada ya ce za a duba a taron zango mai zuwa, alhali ya san kafin nan ɗakin ya zama na ajiyar tsofaffin tebura.

Ba zango mai zuwa ba. Ranar Lahadi bayan Mas zan tsaya a ƙofar ofis, kuma in kun ce za ku sulale, na san hanyar baya. Shugaba, in ba kai ba ne, ka kamo hannun wanda ya yi ka zo da shi. In kai ne, ka taka da ƙafarka har ɗakinta, Fada na biye da kai, ka gaya mata dalili tana kallon ka, kafin motar ɗanta ta iso.