Cuku A Kan Takardar Jami'a

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kai. Na gama karatun kiwon dabbobi a jami'a a Yamai, na komo Filinge da takardata cikin gilashi. Babana tsohon ma'aikacin gwamnati ne, burinshi ɗaya, ya gan ni zaune cikin biro, wato ofis. Ni kuwa na ƙi jarrabawar ɗaukar aiki, na ce cuku zan yi in sayar. Ina sayen madara wurin makiyayan bayan gari, ina shanya cuku bisa tabarmi. Baba bai zage ni ba, ya dai ce ƙafarshi ba za ta taka wurin sana'ata ba. Wallahi ba abin da nake so a duniya kamar ranar da zai shigo ya sa mini albarka.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda ya samu aikin kwantiragi a wani biro. Kun san al'adarmu, taubashi ya yi maka abin da ya ga dama, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ran sunan ɗan yayana, gida cike da mutane, sai ya shiga ɗakina ya ciro takardata, ya shimfiɗa ta a faifai, ya jera cuku bisa, ya ɗora a ka yana zagaya baƙi, wai a zo a sayi cukun mai digiri. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Maiƙo ya ɓata sunana a takardar. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Ni ma na yi dariyar dole, amma a ranar na rantse sai na rama, ko shekara nawa za a yi.

Bayan shekara huɗu sana'a ta kama, na buɗe shago bakin kasuwa, har na sayi kujera na ajiye don Baba. Shi kuwa gogan kwantiraginshi ya ƙare, ga mata ga ƴaƴa biyu. Ya zo kai a sunkuye yana neman aiki. Kai, daɗin da na ji! Na ce akwai aiki, amma ya zo da tashi takardar ta gama karatu ran kasuwa. Da hannuna na shimfiɗa ta a faifai, na zaɓi cukun da ya fi maiƙo na jera, na ce ya zagaya kasuwa kaf, daga rumfar masu gero har wurin dabbobi, kuma in ji muryarshi daga shago. Ya roƙe ni in rufa mishi asiri. Na tambaye shi ko taubashi ya fara fushi da wasa ne. Ya ɗauka. Na tsaya ƙofa ina kallo, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina fari ƙal.

Abin da ban sani ba, sai daga baya inna ta gaya mini, a ranar ce Baba ya sa rigarshi ta Juma'a zai zo shagona karo na farko. A hanya ya ci karo da ɗan ƙanwarshi yana talla. Bai tambayi kowa komi ba. Ya cire hula, ya sauke faifan, ya ɗora bisa nashi kai mai furfura, ya ratso kasuwa mutane na darewa, ba mai dariya. Ya ajiye shi bakin ƙofata daga waje, ya zare takardar ya goge da hannun riga, ya miƙa wa mai ita, ya juya.

Ban yi nadamar ƙin biro ba, kuma har yau in na tuna ran suna jinina tafasa yake, ban ce na yafe ba. Amma ku matasa da kuka zaɓi sana'a, za a yi muku dariya, tabbas. Kada ku bari ramuwa ta zama ita ce abin da kuke wa aiki, don ni na rama son raina, na rasa abin da na yi shekara huɗu ina jira. Kujerar tana nan cikin shago, kullum da safe ina goge ta, ba wanda ya taɓa zama a kai.