Takardar da Na Naɗe a Koren Ƙyalle

Ni ban san ƙwallo ba, har yau ban san ta ba. Abin da na sani shi ne wanki. Shekara da shekaru ina wanke wandon ɗana na fari da ya sha ƙasar filin da ke bayan gonakin dabino a Ranuna, nan gefen Madina, ina wankewa ina masifa. Ba na kiran sunansa, haka aka raine mu, a nan ma ba zan kira ba. A Madina na haife shi. Ina yi masa Hausa, yana ba ni amsa da Larabci.

Yana da shekara sha tara wani ma'aikaci daga garin Yanbu ya ga wasansa, ya kai labari kulob ɗin can. Sun ɗauko koci daga Turai a shekarar. Ɗana ya je gwaji, ya dawo yana cin abinci a tsaye don murna. Ya ce kocin yana son sa, abu ɗaya ya rage: ba a yi wa kowa rajista sai ɗan ƙasa, don haka ana neman takardun ubansa.

Ubansa ya rasu yaron yana da shekara biyar. Takardunsa suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Na ce akwatin nan ba ya barin hannuna, wanda yake so ya gani ya zo inda nake. Ɗana ya ce, "Umma, kocin Nasara ne, ba ya shiga Madina." Na ce to ya zo inda ƙafarsa za ta iya kaiwa. Na faɗa ne don a ƙyale ni. Sai ga shi mutumin ya yarda.

Mun haɗu bayan la'asar a kan hanyar Yanbu, daidai allon da ke cewa daga nan wanda ba Musulmi ba ya juya. Direbansa Bahaushen Sudan ne, yana karanta Larabci, yana ɗan jin Turanci, shi ya zama tafinta. Kocin dogo ne, jajir kamar an ƙona shi, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya miƙo mini hannu, direba ya riƙe masa gwiwar hannu, sai ya mayar da shi ƙirjinsa. Na shimfiɗa tabarma a inuwar mota, na zuba masa shayi da na'ana'a, na tura masa dabino. Baƙo ya yi tafiyar awanni ya zo bakin garina, ga shi a gefen titi nake saukar da shi. Abin ya ci mini rai.

Na ce wa direba ya yi wa Baturen Ingila sannu da zuwa. Yana fassarawa mutumin ya ƙara ja. Direba ya ce, "Hajiya, ki kira shi komai, ban da wannan. Ɗan ƙasar Ayilan ne. Wai su ma Ingilan ce ta mulke su." Na ce ashe ɗan'uwa ne, ya ƙara dabino.

Na tambayi abin da ya raba shi da garinsu. Ya ce ya yi wasa har gwiwarsa ta lalace, ya koma koyarwa. Kulob biyu sun kore shi, na uku ya rushe yana cikinsa, matarsa da 'ya'yansa suna can gida. Na ce a tambaye shi ko wannan ma sana'a ce. Ya yi dariya har ya ƙware, wai uwarsa ta mutu tana yi masa wannan tambayar. Sannan ya nuna ɗana, ya ce ya ga 'yan wasa da yawa, amma wannan yana ganin inda ƙwallo za ta je tun kafin a buga ta. Na kawar da kai. Ba a yabon ɗan fari a gaban uwarsa ta amsa.

Na buɗe akwatin. Direba yana ɗauka yana ajiyewa: tsohon fasfo, katin rigakafi, takardar wurin aiki. Babu mai amfani. Sai ya ga wata takarda naɗe a koren ƙyalle ya tambaya mene ne. Na ce addu'a ce, kada ya taɓa in ba shi da alwala. Mijina ya ba ni ita yana kwance, ya ce in adana. Ban iya karatu ba lokacin, amma na san siffar Bismilla, ita ce a samanta. Takarda mai sunan Allah ba a yawo da ita. Na naɗe ta, na turara, duk Ramadan ina canja mata ƙyalle.

Direba ya ce yana da alwala. Ya warware, ya karanta, ya sake karantawa. Bai ɗago ba.

"Hajiya, wannan ba addu'a ba ce. Kira ne daga ofis. Sun karɓi neman zama ɗan ƙasa da mijinki ya shigar, shi da ɗansa. Sun ce a zo da shaidu kafin Rajab ya fita."

"Wane Rajab?"

Ya faɗi shekarar. Shekara sha huɗu ke nan.

Kocin yana duban fuskokinmu yana jira a fassara masa. Da aka fassara, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce zai gwada.

Ya gwada kuwa. Ya rubuta wasiƙu, ya zauna ƙofar shugaban kulob. Ni ma na bi ofisoshi da takardar, na yi hayaniya har wani ma'aikaci ya ce in rage murya. Ko'ina amsa ɗaya ce: an rufe fayil, mai nema ya rasu, a shigar da sabo a jira. Kocin ya bar ɗana yana atisaye da su. Ranar wasa kuwa yaron yana zaune a gefe da farar jallabiyarsa, yana kallon waɗanda bai kai su shekaru ba, su kuma ba su kai shi ƙafa ba.

Kafin shekara ta zagayo suka sha kashi a jere, aka sallami kocin. Kora ta uku. Direba ya ce ya ji wata ƙasar Larabawa ta ɗauke shi, daga nan ban sake jin labarinsa ba. Wanda ya gaje shi ya ce ba ya ciyar da wanda ba zai buga ba. Ɗana ya dawo, ya kama aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Idan aka sa ƙwallo a talabijin sai ya ce zai je ya sayo burodi.

Na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata. Malamar sa'ar 'yata ce, ina yi mata tsawa in ta yi sauri. Da na fara haɗa baƙi, na koma gida na warware ƙyallen, na bi takardar da yatsa. Layi huɗu ce kawai. Ban gama shan shayina ba na karance ta.